Kwamfuta ba ta numfashi

Na fi shekara goma ina tuƙa jirgin sama a kwamfuta, kuma har gobe ina son abin, don ya koya min abubuwan da ba don shi ba da har yau ban san su ba. Amma akwai wata magana da nake yawan ji a bakin 'yan uwana masu wannan harka wadda take damuna ƙwarai, wai ai yanzu simuleta, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, ta kai inda babu sauran wani bambanci tsakaninta da jirgin gaske in banda kuɗin mai da tsoron faɗowa. Da can in na ji sai in yi shiru in ce ra'ayi riga, to amma yanzu kam ba na iya yin shirun, saboda wasu daga cikin masu faɗin haka yara ne da suke shirin zuwa makarantar koyon tuƙi, wasu ma sun fara, kuma wannan tunanin in ya zauna a kan mutum zai iya kai shi inda ba a dawowa.

Ba raina simuleta nake ba fa, kar a yi min mummunar fahimta. Wanda ya san tarihin abin ba zai raina shi ba. Tun 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya haɗa wani ɗan akwati mai fukafukai, ya yi amfani da zugazugin da ake sa wa kayan kiɗa a masana'antar babansa don akwatin ya riƙa karkata yana juyawa, da farko ma kallon abin wasan yara aka yi masa, sai da aka zo 1934 sojojin saman Amurka suka karɓi aikin jigilar wasiƙu matuƙansu suka yi ta mutuwa a cikin hazo da duhu, sannan aka sayi guda shida. A lokacin yaƙin duniya na biyu an ƙera sama da 10,000. Yau kuwa manyan simuletocin da kamfanonin jirage ke horo da su sun kai matsayin da gogaggen matuƙi zai koyi sabon samfurin jirgi kacokan a cikinsu, ranar da zai fara taɓa na gasken akwai fasinja a bayansa. Wutar inji, mutuwar inji a daidai lokacin tashi, iska mai kaɗa jirgi gefe wajen sauka, duk abin da ba za ka yarda ka gwada da ranka a sama ba a can ake gwada shi sau ashirin har hannu ya haddace. Mu ma na gida, daga Microsoft Flight Simulator da ya fara fitowa a 1982 zuwa X-Plane, mun amfana, mutum zai san agogunan gaban jirgi, ya san yadda ake bin hanya da na'ura, ya san tsarin magana da hasumiyar filin jirgi tun kafin ya biya kuɗin awa ɗaya a sama.

Inda muka raba gari da masu waccan magana wuri ɗaya ne. Duk simuletar duniya an gina ta ne a kan cewa mutumin da ya zauna a kujera tun farko shi ne dai zai ci gaba da zama har ƙarshe, da hankalinsa ɗaya da tunaninsa ɗaya. Jirgi ne yake samun matsala kai kuma kana warwarewa. To a sama can akwai matsalar da kai take fara lalatawa kafin ta taɓa jirgin.

Ni ban gane wannan ba sai ranar da na samu damar hawa ƙaramin jirgi mai kujera huɗu tare da wani malamin tuƙi, dattijo mai haƙuri, na cika shi da labarin awoyin da na tara a kwamfuta, bai ce min komai ba. Kafin mu tashi ya ciro wannan ɗan abin da ake maƙala wa mutum a yatsa a asibiti don auna oksijin ɗin jini, ya sa min, ya nuna 98, ya ce in riƙe lambar a kaina. Muka hau har ƙafa 11,500, wato ba mu ma kai inda dokar Amurka ta ce dole a sa oksijin ba. Muka jima a wurin. Wallahi daɗi kawai nake ji, gari ya yi kyau, ina ta surutu, ji nake ban taɓa fahimtar jirgi irin na ranar ba. Sai ya faɗi wata lambar rediyo ya ce in maimaita in kuma saita, na maimaita da ƙarfin gwiwata na murɗa, ya ce in sake dubawa, na duba na ce daidai ne malam. Ashe na juya lambobi biyu, kuma na kalle su da idona sau biyu ban gani ba. Ya ce yaya kake jin jikinka, na ce lafiya ƙalau malam. Ya sake maƙala min abin, 87. Sai ya miƙo min siririyar robar nan mai shiga hanci ya buɗe silindar oksijin, ban yi numfashi goma ba na ga kamar an wanke gilashin jirgin, kalar agogunan gabana ta dawo tas, alhali ban taɓa lura ta dusashe ba, a lokacin ne na fara jin yatsuna suna ɗan tsikari da nauyi a goshi. Abin da ya tsaya min a rai har yau shi ne ban yi ƙarya ba da na ce lafiyata ƙalau, iya gaskiyata ke nan a lokacin.

Mutane da yawa sun ɗauka oksijin ne yake ƙarewa a sama. A'a, kashi 21 cikin ɗari da ke cikin iskar ƙasa shi ne dai a can ma. Matsin iskar ne yake raguwa, kuma matsin nan shi ke tura oksijin daga huhu ya ratsa cikin jini, a wajen ƙafa 18,000 ya koma rabin na bakin teku. Sai ka yi ta jan numfashi ƙirjinka yana cika yana sauka kamar kullum amma abin da ke isa ƙwaƙwalwa kaɗan ne. Sannan ga babbar matsalar, abin da ke sa mutum ya ji yana shaƙewa in ya riƙe numfashi taruwar gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar ce, to a sama kana fitar da ita lafiya lau, shi ya sa jiki ba ya buga maka ƙararrawar da ka saba da ita. Ba kakari ba shure-shure. Wani zai ji barci, wani ciwon kai, wani zafi a fuska, wani kuma nishaɗi irin wanda ya kama ni, kowa da irin tasa alamar.

Likitocin harkar jirage suna da wani lissafi na tsawon lokacin da mutum zai iya yin abu mai ma'ana bayan oksijin ya yanke masa. A ƙafa 18,000 minti 20 zuwa 30 ne. A 25,000 minti 3 zuwa 5. A 35,000 inda manyan jirage ke yawan tafiya daƙiƙa 30 zuwa 60, a 40,000 kuwa 15 zuwa 20, kuma in iskar cikin jirgin ta fice ne farat ɗaya lokacin zai iya raguwa da rabi. Ka duba fa, daƙiƙun nan ba wai kana garau ba ne sannan ka yanke jiki, tun daga ta farko hankalin yake zubewa.

Wasu manhajojin sun yi ƙoƙari, in ka hau sama ba oksijin sai sikirin ya fara duhu daga gefe-gefe har ya rufe. Na yaba, amma in ka lura darasin da yake koyarwa a juye yake. Kana zaune da cikakken hankalinka kana kallon duhun yana zuwa, sai ka ce af na manta oksijin, ka danna maɓalli. Wato ka saba da cewa za ka ga abin yana tahowa kuma za ka gane shi. A gaske kuwa wanda zai yi ganewar shi aka fara kwantarwa.

Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne, tun kafin a ƙera jirgin sama aka biya kuɗinsa da rai. A watan Afrilun 1875 Faransawa uku, Gaston Tissandier da Joseph Crocé-Spinelli da Théodore Sivel, suka tashi daga Faris a cikin kwandon wata ƙatuwar balan-balan mai suna Zénith. Ba jahilai ba ne, sun san aikin masanin nan Paul Bert a kan matsin iska, har jakunkunan oksijin suka ɗauka. Sai dai guzurin bai da yawa, suka ce bari su adana shi sai sun ji buƙata ta kama su sosai. Suka haura mita 8,000. Tissandier, wanda shi kaɗai ya rayu kuma ya samu matsalar ji daga baya, ya ba da labarin cewa ba ya jin wata wahala, farin ciki ma yake ji suna ƙara hawa, da ya so ya kai hannu ga bututun oksijin sai hannun ya ƙi ɗaguwa. Ya farfaɗo ya tarar da abokansa biyu sun rasu, ga oksijin a rataye kusa da su. Duk lokacin da na ji matuƙi ya ce ai in na ji alama zan saka, mutanen nan nake tunawa.

In kuma wani zai ce wannan zamanin da ne, to ga na ranar 14 ga Agustan 2005. Jirgin Helios mai lamba 522, Boeing 737, ya tashi daga Larnaka a tsibirin Saifurus zai bi ta Atina ya wuce Firag, da mutum 121. An yi gwajin matsin iska a ƙasa kafin tashi, aka bar makunnin da ke daidaita matsin iskar cikin jirgin a kan saitin hannu maimakon ya koma mai sarrafa kansa, matuƙan kuma suka wuce shi a dubawarsu ba su lura ba. Suna cikin hawa ƙararrawa ta kama ƙara, kuma a wannan samfurin sautinta iri ɗaya ne da na wadda ke gargaɗin cewa ba a saita jirgi daidai don tashi ba, sai hankalinsu ya tafi can. Kyaftin ya kira injiniyoyin kamfani a rediyo, injiniya ya tambaye shi ƙarara ko makunnin matsin iska yana kan mai sarrafa kansa, shi kuma ya tsallake tambayar ya ci gaba da tambayar wani abu daban game da sanyaya na'urori. A nan nake so a tsaya. An ba shi amsar matsalarsa a kunne, mutum mai dubban awoyi a sama wanda ya sha shiga simuleta ya ci jarrabawa, amma ƙwaƙwalwar da za ta karɓi amsar ta riga ta fara tafiya. Jirgin ya hau da kansa har ƙafa 34,000, ya je sararin Atina ya yi ta kewayawa, jiragen yaƙi F-16 biyu suka matso suka hango mataimakin matuƙi a kife, takunkuman fasinja suna reto. Can daga baya suka ga wani ma'aikacin jirgin ya shigo ɗakin tuƙi yana ƙoƙari, amma mai ya ƙare, jirgin ya faɗi kusa da garin Grammatiko a ƙasar Girka, ba wanda ya tsira. Allah ya kyauta. Shekara shida kafin nan, a Oktoban 1999, haka ƙaramin jirgin Learjet da ke ɗauke da ɗan wasan golf Payne Stewart ya tashi daga Orlando zai je Dallas, ya yi ta tafiya kusan awa huɗu ba mai amsa kira, tagoginsa na gaba sun yi ƙanƙara ta ciki, har mai ya ƙare ya faɗi a jihar Dakota ta Kudu da mutum shida.

Na tabbata da za a ɗauki matuƙan Helios a sa su a simuleta a ƙasa a kunna musu wannan ƙararrawar, da wuya su yi minti biyu ba su gano ta ba. Irin haka aka gani ta wata fuskar bayan Chesley Sullenberger ya saukar da jirginsa da injinansa suka mutu a kogin Hudson na New York a Janairun 2009 mutum 155 suka tsira, da aka maimaita abin a simuleta wasu matuƙan sun iya komawa filin jirgi saboda sun san abin da zai faru suna juyawa nan take, amma da aka ƙara daƙiƙa 35 na lokacin da ɗan Adam ke buƙata ya gane me ya same shi, sai aka kasa kaiwa. Shi fa Sullenberger da cikakken oksijin a jininsa ke nan.

To me nake so a yi? Na farko dai ina ganin duk wanda za a ba lasisin da zai iya hawa sama da ƙafa 10,000 ya kamata a tilasta masa ya ɗanɗani ƙarancin oksijin sau ɗaya a gaban likita. Sojojin sama sun daɗe suna yi, ana sa su a ɗakin da ake zuƙe iskarsa har ya yi daidai da ƙafa 25,000, a ce su cire takunkumi su yi ɗan lissafi ko su jera katuna, a ɗauke su a bidiyo, mutum ya ga kansa yana murmushi yana rubuta shirme ana ce masa mayar da takunkuminka yana kallon mai maganar. Hukumar jiragen sama ta Amurka tana da cibiya a birnin Oklahoma da ke ba farar hula irin wannan horo, amma na ganin dama ne, hatta izinin da ake ba masu tuƙa jiragen da ke wuce ƙafa 25,000 karatun aji ya wadatar ta ɓangaren abin da ke samun jiki. Ni a ganina wannan giɓi ne. Karanta jerin alamomi a littafi daban, sanin taka alamar daban, ni yanzu na san tawa surutu ne da jin cewa na iya, kuma ba littafin da zai gaya min haka.

Na san abin da za a ce, tsada, ga ɗakunan ba su da yawa, ga kuma haɗarin da ke cikin rage matsin iska ga kunne da jijiyoyi. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma yanzu akwai hanyar da ba a taɓa matsin iskar sam, ana rage oksijin ɗin ne kawai a ƙara naitirojin a cikin wani ɗan tanti ko ta takunkumi, har ɗaukarsa ake yi a kai wurare. Kuma abin da ya fi burge ni shi ne ana iya haɗa wannan takunkumin da simuleta, mutum yana tuƙi ana rage masa iskar a hankali bai sani ba. Ka ga a nan simuletar ta zama cikakkiya, don an shigo da jikin mutum cikin lissafin. Makarantar da ta iya sayen jirage da na'urorin kwaikwayo ban yarda wannan ne zai gagare ta ba.

Sai maganar doka, wadda nake ganin mutane suna yi mata gurguwar fahimta. A Amurka ƙa'idar ita ce in ka wuce ƙafa 12,500 fiye da minti 30 dole matuƙi ya sa oksijin, daga 14,000 kuma ko na minti ɗaya ne, daga 15,000 a tanadar wa kowane fasinja. A Turai sun fi tsanantawa, lissafinsu daga 10,000 yake farawa. Ita kanta hukumar Amurkan shawararta ita ce a fara sawa daga 10,000 da rana, da dare kuma tun daga 5,000 saboda ganin dare shi ke fara raunana. To sai ka ga matuƙi ya tsaya a 12,400 awa uku cur yana ganin ai bai karya doka ba. Bai karya ba kam, amma jininsa bai san da wata doka ba, balle in mai shan sigari ne, ko bai yi barci ba, ko mura na damunsa, ko shekaru sun ja. Ni abin da ya same ni ƙasa da layin dokar Amurkan ya same ni da ƙafa dubu guda. Akwai kuma wani abu na nuna jarumta da ke cikin harkar, wai sa robar hanci alamar rauni ce, ko a ce cika silinda wahala ne bari a yi tattali, irin tattalin mutanen Zénith. Ɗan abin auna jinin nan ba shi da tsada ko kaɗan in aka kwatanta da kuɗin awa ɗaya a sama, a rataye shi a wuya, a duba duk bayan minti goma ko sha biyar, a yanke lamba tun a ƙasa cewa in ya sauka ƙasa da 90 ba shawara, a buɗe silinda ko a sauko. Tun a ƙasa nake cewa, don shawarar da za ka yanke a sama da wannan kan da ya fara rauni za ka yanke ta. Sai dai a sani shi ma yana da makantarsa, in hayaƙin inji ne ya shigo ta hita, wato na'urar ɗumama cikin jirgi, zai iya nuna maka lamba mai kyau alhali guba ce ta cika jinin, wannan na'urarsa daban ce.

Fasinjan babban jirgi ma abin ya shafe shi. Cikin jirgin da kake zaune an matse iskarsa ne ta yi kamar ta ƙafa 6,000 zuwa 8,000, in ta zube har ta kai wajen 14,000 takunkuman nan suke faɗowa da kansu, kuma a yawancin jirage iskar da ke cikinsu ta minti goma sha wani abu ce, iya abin da zai isa matuƙi ya gangaro ƙasa-ƙasa. In ma'aikaciya ta ce ka fara sa naka kafin na ɗanka mutane suna jin abin wani iri, uwa musamman, amma lissafin daƙiƙun nan ne, in kika tsaya kokawa da na yaro kina iya tafiya kafin ki gama, shi ke nan an rasa mai taimakon ku biyun. A 2018 da injin wani jirgin Southwest ya fashe taga ta karye, hotunan da suka fito sun nuna fasinjoji da yawa sun rufe baki kawai sun bar hanci a waje, alhali an yi musu bayanin kafin tashi.

Har yanzu ina kunna kwamfutata kusan kullum, kuma duk yaron da ya tambaye ni ina ce masa ya fara da ita, za ta rage masa wahala da kuɗi. Abin da na canza shi ne in na wuce ƙafa 10,000 a cikin wasan nakan tsaya in kai hannu gefen kujera inda silinda za ta kasance, in faɗa da bakina cewa oksijin a buɗe, in kalli yatsana, duk da ba abin da ke maƙale a jiki. Malamin nan ne ya ce in riƙa yi, ya ce tunda hannu yana haddace abin da aka maimaita masa to gara in ba shi wannan ya haddace, wataƙila wata rana ya yi shi da kansa a lokacin da kaina yake gaya min lafiyata ƙalau.